Waƙar Saje da Ƙafar Babanku

Ummi, Faruk, na san akwai maganar da kuke ɗauke da ita tun shekarar da babanku ya faɗi, ko da yake tarbiyya ba ta bar ɗayanku ya furta mini ita dukanta ido da ido ba. An ce na riƙe shi a Doha saboda ba na son rabuwa da aikina. An ce na raba shi da danginsa, na kawo makaɗi gida yana kaɗa wa majinyaci kiɗan Turawa a lokacin da bai kamata a ji komai ba sai karatu. Wasu daga cikin waɗannan abubuwa sun faru, amma ba yadda aka kai labarinsu Kaduna ba. Yanzu babanku ya rasu, yayansa Alhaji Lawal ma ya bi shi. Cikin waɗanda suka zauna a falon nan ranar da aka yanke maganar, ni kaɗai na rage, sai wani baƙo da ban san inda yake ba a yau. Don haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Babanku ne ya fara zuwa Doha, injiniya a wani kamfanin iskar gas. Na biyo shi daga baya, na samu aiki a sashen magunguna na wani asibiti. Mun daɗe a haka, har muka aurar da ke Ummi kika tare a unguwar Al Gharrafa cikin Doha, kai kuma Faruk kana jami'a a gida. Ranar da abin ya faru muna karin kumallo ne. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, hannun ya ƙi zuwa. Ya dube ni zai yi magana, bakin ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama, ta tafi da hannu da ƙafa, ta tafi da magana. Da ya farfaɗo a asibiti yana gane kowa, yana fahimtar yawancin abin da ake faɗa, amma kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa: “To.” In an ce zai sha ruwa, to. In an ce a ɗauke ruwan, to. Idonsa ne kawai yake nuna maka wace “to” ce ta gaskiya.

Kamfanin ne kafil ɗinsa, wato da sunansu yake zaune a ƙasar, ni ma a ƙarƙashinsa nake. Ba su yi mana rashin mutunci ba, sun jira watanni, amma kowa ya san ba zai koma aiki ba. Hanya biyu ta rage: ko mu tattara mu koma gida, ko in mayar da zamana kan asibitin da nake aiki, in ɗauke shi a ƙarƙashina ya ci gaba da gashin jiki da koyon magana a nan. A wannan tsakanin ne Yaya Lawal ya kira. Ya ce in kara wa ƙaninsa wayar a kunne, na kuwa buɗe muryar muna ji tare.

“Bashir, ka dawo gida cikin 'yan'uwanka, ko?”

“To,” in ji babanku.

“Kin ji dai, Hadiza. Da bakinsa ya amsa. Sai ku fara shiri.”

Na ce, “Yaya, ko cewa ka yi ya zauna, abin da zai ce ke nan.”

Ya ce bai kira don ya yi gardama da matar ƙaninsa ba, ya kashe. Ban fara shiri ba. Na mayar da takardunmu kan aikina, muka bar gidan kamfani, na kama wani gida na ƙasa a unguwar Ain Khaled. Ba kyau gare shi ba, abin da ya ja ni gare shi babu bene, kuma yana da dogon lungu daga falo zuwa ɗakin kwana, wanda mutum zai iya dafa bango ya bi.

Sai dai watannin farko ba su ba ni abin da zan kare kaina da shi ba. A asibiti ana tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu, ya ɗaga ƙafar dama, ya rasa lokacin da zai ajiye ta. Wani lokaci ya jefa ta da wuri ya tafi luu, wani lokaci ya riƙe ta a sama har ƙarfinsa ya ƙare. Mai koya masa tafiya wata 'yar Tunisiya ce, mace mai faɗa da fara'a a lokaci guda, ita ce ta ce mini ba ƙarfi kaɗai ya rasa ba, jikinsa ya manta da tazarar da ke tsakanin taku da taku. Shi kuwa ya fara ƙin tashi. In an zo ɗaga shi sai ya juya fuska bango.

Wata safiya ina yi masa aski, na shafa kumfa, sai na ji wani sauti yana fitowa daga maƙogwaronsa. Na ɗauka nishi ne. Da na tsaya na saurara sai na gane. Waƙar nan ce da kuka taso kuna ji yana yin fitonta in yana wanke mota, wadda a gidanmu ba ta da suna sai “waƙar Saje”. Kun san kakanku saje ne a cikin 'yan badujala na 'yan sanda a Kaduna, tun zamanin Turawa. Kakakin ƙarfen nan yake busawa, mai hannu da ake ja ana mayarwa. Ban da faretin, ana ɗaukarsu su yi kiɗa a wuraren rawar manya, inda suke busa waƙoƙin manyan ƙungiyoyin kiɗa na ƙasashen waje da ake yayi a lokacin. Wannan tana cikin masu sanyin, waɗanda ba a tsalle a cikinsu. Mutumin da ya kasa cewa “ruwa” ga shi yana bin karinta daga farko har tsakiya, babu tuntuɓe.

Da na gaya wa 'yar Tunisiyar, ta ajiye abin da ke hannunta.

“Magana da waƙa ba ƙofa ɗaya suke fita ba,” in ji ta. “Ta ɗaya ta rufe, ta ɗaya a buɗe take. Ƙafa kuma tana bin kiɗa ko mai ita bai sa ta ba. Yalla, maza nemo mini waƙar nan.”

Na ɗauki muryarsa a waya na tura maka, Faruk, kai ka binciko ta. Sunanta na Turanci ne, har yau ban riƙe shi ba. Ka turo mini da murna, na kunna masa da murna. Kakaki suka ɓarke gaba ɗaya, ganga tana gudu, wata mace tana rera ta can sama da siririyar murya. Karin dai shi ne, amma kamar an sa wa dattijo kayan yara. Babanku ya saurara kaɗan, ya kai hannun hagu ya ture wayar ta faɗi ƙasa. Ka sake turo wasu, kowace da irin nata: wata ta yi sauri, wata an cika ta da goge har ba a jin bugun. Irin wadda Saje da mutanensa suke busawa a barikin Kaduna ba wanda ya taɓa ɗauka a faifai. A kan babanku kaɗai take, shi kuma ba bakin da zai kwatanta.

Wata abokiyar aikina 'yar Gana ce ta ce ta san wani mutuminsu, Malam Isiyaka, ɗan zangon Kumasi, da yake kaɗa fiyano a wani otal. Yana zaune a unguwar Fereej Abdel Aziz, a ɗakin haɗaka da wasu mutum uku. Na daɗe ina juya abin a raina. Na san yadda za a ji shi a gida. Na yi istihara, na kuma tambayi babanku, na kalli idonsa ban saurari bakinsa ba. Ranar hutun Malam Isiyaka ya zo da hantsi, dattijo ne mai furfura, da ɗan ƙaramin fiyanonsa na lantarki a jaka. Hausarsa ta zango ce, ba ta raba mace da namiji, ni ma “kai” yake ce mini. Ranar farko dariya ta kusa kama ni, daga baya na saba.

Shi ma bai same ta a tashi ɗaya ba. Ya san waƙar, amma irin ta otal ya kaɗa, da kwalliya da 'yan guje-gujen yatsu. Babanku ya bugi hannun kujera. Malam Isiyaka ya rage sauri sosai, har sautin ya riƙa tsinkewa, kowane bugu yana jiran ɗan'uwansa. Babanku ya rufe ido ya girgiza kai. Malam Isiyaka ya ɗage hannunsa daga fiyanon.

“Hajiya, kai bari. Ni ba zan faɗa ma shi ba, shi zai faɗa mini. Maigida, buga da hannu, ni ina bin ka.”

Babanku ya fara buga hannun kujera da tafin hagu. Ba sauri, ba nawa. In kuna so ku san tafiyarta, ku tuna yadda dattijo yake tafiya masallaci in ya fito tun kafin a kira salla, ko bugun zuciyar mutumin da yake zaune babu abin da ya dame shi. Malam Isiyaka ya saurara, ya sa hannun hagunsa yana bin bugun da sauti mai kauri, sannan ya kunna wata 'yar ganga a cikin na'urar, mai shuu, shuu, kamar ana sharar tsakar gida da tsintsiyar laushi. Ya ce wannan shi ake kira tempo, saurin tafiyar kiɗa, kuma a irin waɗannan waƙoƙi shi ne rai. In ka ƙara kaɗan ta zama ta wasa, in ka rage kaɗan ta mutu a hannunka. An yi ta ne don mutum biyu su taka a hankali, ƙafa ta tashi ta sauka ba tare da an yi tunaninta ba.

Saura murya. Babanku yana so ya shiga, ya buɗe baki, sautin ya fi ƙarfin maƙogwaronsa. Malam Isiyaka ya ce matsalar ki ce, wato matakin da aka ɗora waƙar a kai. Wadda take a faifai an ɗora ta sama ne saboda muryar mace. Ya riƙa sauko da ita mataki-mataki, yana kaɗa layin farko yana duban babanku, ya sake saukowa ya sake kaɗawa. Can sai muryar babanku ta zame ta shiga ciki, kamar ƙafa a tsohon takalmi. Malam Isiyaka ya duba yatsunsa ya yi dariya, ya faɗi sunan matakin.

“I filat. Ai da na sani. Masu kakaki nan suke so, nan ƙarfe yake daɗin busa. Baban shi nan ya busa shi.”

Ya ɗaukar mana ita a waya, doguwa, tana maimaita kanta. Da ita aka koma tsakanin ƙarafan nan. Ba zan ce muku mu'ujiza aka gani ba, abin ya ɗauki watanni kuma an sha faɗuwa. Amma ƙafar ta samu wanda zai gaya mata lokacin sauka. Daga ƙarafa aka koma sanda mai ƙafa huɗu, daga asibiti muka koma lungun gidanmu, ni ina riƙe da ɗamarar da aka ɗaura masa a ƙugu, waya tana aljihun rigarsa. Magana ma ta nan aka biyo mata. Ana ɗora 'yan kalmomi a kan layin farko na waƙar, ya rera su: ina kwana, ba ni ruwa, alhamdu lillahi. In ka ce ya faɗa haka kawai, sai “to”. In ya rera, su fito. Karatun Alƙur'ani kuwa bai taɓa yankewa a gidan ba, da shi muke wayar gari, kuma Fatiha ma da ƙira'a ta dawo bakinsa kafin ta dawo da magana.

Akwai wani wuri a tsakiyar waƙar da take juyawa. Malam Isiyaka ya ce ita a ki mai haske take, irin wanda ake yin waƙoƙin murna da shi, amma a tsakiya takan leƙa cikin mai duhu na ɗan lokaci sannan ta dawo. Duk sanda aka zo wurin, babanku yakan tsaya cak, hawaye ya zubo masa. In ta dawo sai ya ci gaba da tafiya. Ke Ummi, a lokacin ke kike zama da shi da safe in na tafi aiki, kina da tsohon ciki, kin sha ganin haka. Ranar da kika kasa haƙuri na dawo na same ki kin kashe wayar kin sa a jakarki.

“Mama, wannan waƙar makoki ce. Kullum sai ta sa shi kuka. Mutum yana tsakanin rai da mutuwa, abin da za a cika masa kunne da shi ke nan?”

Na ce, “Da ita yake tafiya.”

“Baba Lawal ya ce a kai shi gida. Ke kaɗai kika fi kowa sani?”

Ban ba ki amsa mai daɗi ba, ke ma ba ki tsaya jin ta ba. Kika ajiye wayar kika tafi, kika daina zuwa sai gaisuwa ta waya, na nemo mai jinya na rabin yini. Ina so ki sani maganarki ta shige ni. Ni ma ban san me hawayen nan yake nufi ba. Likita ya ce masu wannan ciwo kuka yakan zo musu da sauƙi, amma wannan bai gamsar da ni ba. Washegari da aka zo wurin na ce masa, “In kashe?” Ya saki sanda ya damƙe wuyan hannuna da hagunsa, har sai da na ji zafi. Ban sake tambaya ba.

Sai bayan shekaru, da magana ta zauna masa, ya ba ni labarin. Ya ce ita ce ta ƙarshe da 'yan badujala suke busawa in suna gwaji da yamma a filin bariki. Yana yaro, in ya jiyo ta daga bayan katanga, ya san an kusa tashi. Wurin nan mai duhu kuwa Saje ne yake busa shi shi kaɗai, sauran duk su yi ƙasa da sauti. Da ya ji muryar kakakin ubansa sai ya ruga bakin ƙofa, don in an gama shi ne mai karɓar akwatin kakakin ya shigo da shi gida.

“Ba ta kuka ba ce,” in ji shi. “Ta Baba ya kusa dawowa ce.”

Yaya Lawal kuwa wata waƙar daban yake ji a cikinta, kuma dole ku san wannan kafin ku yanke masa hukunci. Shi ne babba, shi ya sha gorin. A makaranta ɗan mai busa ake ce masa. Da ya tashi aure, gidan da ya fara nema sun ce ba sa ba jinin makaɗa, duk da kakin ɗan sanda da igiyoyin da ke hannun Saje. Ya yi kasuwanci ya yi suna, ya gina masallaci a unguwarsu, bai taɓa yarda a ambaci badujala a gabansa ba. Da labari ya kai masa cewa ga abin da ake yi a Ain Khaled, bai yi waya ba. Ya je Umra, ya biyo ta Doha a hanyar komawa.

Zuwansa ya dace da ranar Malam Isiyaka, wanda har lokacin yakan leƙo ya gyara mana saurin kiɗan, domin ƙafar tana ƙara ƙwari ana ɗan matsa shi gaba. Ina iya ce masa kada ya zo. Ban ce ba, don ba sata nake yi ba. Yaya Lawal ya shigo, ya rungume ƙaninsa, ya yi kuka na gaske. Ya ci abinci, ya yi addu'a. Sannan ya ga fiyano a jingine, ya ga dattijon da ke zaune a gefe. Ya tambaya ko wane ne, na faɗa masa. Na ce in ya yarda ya ga abin da idonsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Malam Isiyaka ya fara, babanku ya miƙe da sandarsa, ya bi lungun har ƙarshe ya juyo. Tun daga bugun farko na ga fuskar Yaya ta canja. Ya gane ta.

“Ya isa,” in ji shi. Malam Isiyaka ya tsaya. “Hadiza, na yi rayuwata ina wanke sunan gidanmu daga wannan abin. Ki rasa abin da za ki tono sai shi? A gaban bare?”

Na ce, “Yaya, ba ni na tono ba. A bakinsa na same ta.”

“Mutumin da ba ya magana?” Ya juya wurin babanku, wanda na zaunar a kujera yana haki. “Bashir, na zo da kaina. Akwai masu gashi a gida, akwai malamai, akwai 'yan'uwanka. In mutuwa ce ka mutu a cikinmu. Ka tashi mu tafi, ko?”

Na san “to” ce za ta fito, na san kuma in ta fito magana ta ƙare, don ba zan iya musu da wan mijina a gaban ƙaninsa sau biyu ba. Na ga leɓen babanku ya haɗu zai faɗe ta. Sai ya datse baki. Ya ɗaga tafin hagu ya fara buga hannun kujera, a hankali, bugun nan dai. Malam Isiyaka bai taɓa fiyano ba, kansa a sunkuye. Babanku ya ja numfashi, ya ɗora kalmomin a kan layin farko, ya rera su gaɓa-gaɓa:

“Ba yan-zu ba, Ya-ya.”

Ba wanda ya koya masa wannan. Ba ta cikin kalmomin da muke gwadawa. Yaya Lawal ya daɗe yana kallonsa.

“A cikin wannan abin za ka ba ni amsa?”

Babanku bai sauke ido ba. Yaya ya tashi ya ce a kai shi masauki, washegari ya wuce. A Kaduna ya ce Hadiza ta ƙi, bai faɗi sauran ba. Ni ma ban faɗa ba. Da farko don ba wanda zai yarda, daga baya kuma don babanku ya hana ni. Ya ce in bar wa Yaya maganarsa, ya ji kunyar da ta ishe shi. Sun shirya kafin su rabu da duniya, sun zauna tabarma ɗaya, amma ni Yaya bai sake kiran sunana ba sai dai “matar Bashir”. To ga shi yau na faɗa. Zaman Doha ba ni kaɗai na yanke shi ba. Mai ciwon da kansa ya yanke.

Abin da zaman ya ci mini kuwa ba bakin mutanen Kaduna ba ne. A ƙarshen shekarar nan Inna, mahaifiyata, ta kwanta a Zariya. Ƙanwata Asabe ce take jinyarta. Hutuna duk na cinye shi a kwanakin asibitin babanku. In na tafi jinya ba da izini ba aikin zai tafi, in aikin ya tafi zamanmu ya tafi, ga shi lokacin ne babanku ya fara sakin bango, 'yar Tunisiyar tana cewa in aka yanke yanzu za a koma baya. Kullum ina kiran Inna ta waya mai hoto, Asabe ta riƙe mata. Ina so in ce muku ta ce in zauna da mijina ta yafe mini. Ba ta ce ba. Abin da take cewa kullum shi ne:

“Yaushe za ki zo?”

Ni kuma in ce, “Bayan Salla, Inna, in Allah ya yarda.”

Ba ta kai Salla ba. Ina wurin aiki Asabe ta kira. Asibitin suka ba ni 'yan kwanakin rasuwa. Kafin in gama haɗa jaka na ji sallama, sai ga ki Ummi da jaririyarki a kafaɗa da akwatinki a hannu. Ba ki ce komai a kan abin da ya wuce ba, kika ce, “Mama, nuna mini yadda ake riƙe ɗamarar.” Na nuna miki. Kika ce, “Wayar fa, ina ake dannawa?” Wannan ma na nuna miki.

Na isa Zariya an riga an kai ta. Na tarar da ɗakinta an share, an naɗe katifar. Asabe ta karɓe ni, ta ba ni ruwa, ta zauna nesa kaɗan. Ba ta yi mini gori ba. Abin da ta ce kawai, Inna ta sa an ajiye mini turmin atamfa tun azumin bara, ta ce in na zo a ba ni hannu da hannu. Ta ɗauko ta ajiye a gabana. Na zauna karɓar gaisuwa tare da su, mata suna shigowa suna cewa, “A'a, mutanen Ƙatar, an samu zuwa?” Ina amsawa. Ban yi kuka a can ba, na ga kamar ban da hurumin yi a gaban wadda ta yi jinyar.

Na dawo Doha da rana tsaka, zafi kamar zai narka kwalta. Mijinki ya ɗauko ni daga filin jirgi ya sauke ni a ƙofa. Na buɗe na shiga da sallama. Gidan shiru, ba kiɗa, ke kina ciki kina shayar da yarinya. Babanku yana zaune a falo. Da ya gan ni ya jawo sandarsa. Na ce ya zauna, ya ƙi. Ya miƙe shi kaɗai, ya tako zuwa inda nake tsaye da jaka a hannu, ƙafar dama tana ɗan ja amma tana sauka a kan lokacinta. Ya tsaya a gabana. Na jira ya fara buga wani abu da hannu, ko ya ja numfashin rerawa. Bai yi ba. Ya buɗe baki, a hankali, da muryarsa ta magana wadda rabona da ita tun safiyar shayin nan, ya ce:

“Dije. Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Inna.”

Na ce amin. Na ajiye jakar, na zauna a ƙasa nan bakin ƙofa, na yi kukan uwata. Shi kuma yana tsaye a kaina da ƙafafunsa, bai zauna ba sai da na gama.